Mai Kumburin Kunci Ba Ya Tayi: Lissafin Haƙori Ɗaya a Plaine Orety

Duk wanda ya zauna a Libreville ya san yadda ake shiga tasi. Ka tsaya bakin titi, mota ta rage gudu, ka leƙa ta taga ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya. In direba ya yarda ya danna ham, in bai yarda ba ya ja motarsa. Kai ma ko a jikinka, wata na tafe. Bahaushe bai sha wuyar koyon wannan ba, don ciniki gadonsa ne: a yi tayi, a ce albarka, ka juya baya kamar ka tafi, a kira ka. Duk ƙarfin mai saye yana cikin wannan juya bayan.

Daren wata Juma'a, ana tsuga ruwa, na ga mutumin da aka raba da wannan ƙarfi. Maƙwabcina ne a nan Plaine Orety, mutumin wajen Maradi, mai gasa naman da mutanen garin nan ke kira kupe-kupe. A kan dala biyar ta sefa sai ya yi rabin sa'a yana ja da mai kawo masa gawayi. Amma a daren nan muƙamuƙinsa na hagu ya haye kamar ya cusa ƙwallon mangwaro, yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa. Tasin farko da ya tsaya, direban ya yanka kuɗin da ya ga dama, mutumina ya buɗe ƙofa ya shige bai ce uffan ba.

Da ya warke, sai na ji shi bayan sallar magariba yana ba mutane labari: "Ai abin ba tsada, jika kaza aka cire mini shi, na huta." Ni ne ke rubuta masa littafin shiga da fita, ni ne kuma na yi masa tafinta a asibiti tunda Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Don haka na ƙi yarda da wannan jika kazan. Na ɗauko littafin na bi shi shafi-shafi. Ma'aunin da na zaɓa shi ne ribar yini guda ta rumfarsa, don mai karatu a Kano da mai karatu a Damagaram su auna da nasu ba tare da canjin naira da sefa ya shiga tsakani ba.

Shafi na farko: wata goma na ƙwaya

Abin ya fara tun bara, da ruwan sanyi. In ya kurɓa, sai wani turmi na ƙasa ya yi masa tsam kamar an soka allura, ya wuce. Ya haska da fitilar waya gaban madubi, ya ga ɗan baƙin ɗigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an san abin da ke tsaga wannan bango. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da muka sha, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙorin sannu a hankali. Maƙwabcina kullum safe sai ya biya wurin mai shayi a zuba masa madarar gwangwani mai zaƙi har cokali ya kusa tsayawa, da rana kuma lemon kwalba biyu saboda zafin wuta. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, in so samu ne ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, ƙaramin cokali shida ke nan. Kwalbar lemo guda kan haura haka.

A wannan mataki aikin zama ɗaya ne: a kankare ruɓar, a cike ramin, mutum ya koma rumfarsa. Shi kuwa ya zaɓi ƙwaya. Yau farasitamol na dala ashirin, jibi diklofenak na dala arba'in, in ciwon ya matsa a haɗa masa da amoksisilin da Flagyl ya sha kwana biyu ya ajiye. Babu ɗan kasuwar da ke rubuta irin wannan kuɗi, shi ya sa suka fi kowane kuɗi iya sata. Da na matsa masa muka tuno su, sun kai ribar kwana uku.

Wannan na aljihu ne kaɗai. Diklofenak da ibufurofen in aka ɗora su kan cikin da ba abinci, wata bayan wata, suna iya jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Farasitamol in babba ya wuce giram 4 a yini, hanta ce ke biya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa a jini suke hawa su isa wurin ciwo, kuma haƙorin da ɓargonsa ya mutu jini ba ya shiga cikinsa. Tamkar ka aiki manzo gidan da aka toshe ƙofarsa da bulo ne. Suna lafar da kumburin da ke kewaye, gidan ruɓar yana nan daram, ƙwayoyin cutar da suka tsira daga shan kwana biyu-biyu kuma suna koyon yadda za su jure wa maganin ranar da za a buƙace shi da gaske.

Shafi na biyu: hayaƙi da tsutsa

Da ƙwaya ta gaza, aka yi masa hanyar wani mai fitar da tsutsar haƙori a kasuwa. Ya ba ni labarin yadda aka yi: an ɗora wasu 'ya'yan tsiro da ɗan kitse kan ƙarfe mai zafi, aka kifa mazurari, ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sai ga wasu fararen abubuwa kamar zare a cikin kwanon ruwa. Ya ƙirga guda bakwai da idonsa. Abin da ya gani cikin 'ya'yan tsiron ne da zafi ya fasa. Dabara ce tsohuwa, kuma ba Bahaushe ne ya fara faɗa mata ba. Mutanen Iraƙi ta dā sun rubuta zancen tsutsar haƙori a kan allunan yumɓu, Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna shaƙar irin wannan hayaƙi, har Pierre Fauchard na Faransa, wanda littafinsa kan aikin haƙori ya fito a 1728, ya nuna shakkarsa a kanta. Ribar yini guda ta tafi a nan.

Ba na raina duk abin da ke cikin kwandon gargajiya. Kanumfari na da mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori kansu suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Aswaki mai tsabtace baki ne na gaske. Amma kanwa da garin taba da ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona nama suke yi, balle ruwan batir da na ji wasu direbobi na ɗigawa. Mai awartaki na gefen hanya kuma, komai gwanintarsa, ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Turmin ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, na sama uku, wasu a lanƙwashe kamar ƙugiya. In guda ta karye a ciki, ka biya kuɗi an bar maka ciwon. In ƙarfen bai shiga tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta ba, kana iya tashi da ciwon hanta nau'in B ko ƙanjamau a matsayin gyara.

Bayan kwana biyu da hayaƙin, ciwon ya ɗauke cak. Ya zo mini yana dariya: "Malam, ku 'yan boko ba ku yarda da komai ba. To ga shi." Ban iya ba shi amsa ba a lokacin. Likita ne ya ba mu daga baya: jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Mai gadi ne ya faɗi, shi ya sa ihu ya tsaya. Ɓarayin na ciki suna ta aiki har wata biyu.

Shafi na uku: inda ake rufe littafi

Ruɓar da ta kashe ɓargo tana bin saiwa ta sauka, ta tara mugunya a gindinta cikin ƙashi, mugunyar kuma dole ta nemi mafita. In Allah ya taƙaita, ta ɓullo a dasashi ta fashe. In ta bi wata hanya, labari ya canza. Saiwoyin turame na can ƙurya a ƙasa suna zurfi har su wuce naman da ya shimfiɗe ƙasan baki, don haka mugunya na iya malala ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshen sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus a birnin Stuttgart, Wilhelm Friedrich von Ludwig, shi ya bayyana wannan cuta a 1836, har yau da sunansa ake kiran ta. Kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi. Daga haƙoran sama kuwa cutar na iya haurawa wajen ido da ƙwaƙwalwa.

Wanda ke ganin wannan matsalar ƙasashen talakawa ce ya tuna da Deamonte Driver, yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland ta Amurka. Ruɓar haƙori ta haura masa ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata sau biyu, ya yi makonni a asibiti, ya rasu a Fabrairun 2007. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa cire haƙorin da zai iya ceto shi dalar Amurka 80 ne, jinyar da aka yi masa kuwa an ƙiyasta ta haura dalar Amurka 250,000. Ban san wani lissafi da ya fi wannan muni ba.

Saboda haka akwai wurin da mai shakka irina ke ajiye alƙalami. In kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura ya fara rufe ido. In baki ya ƙi buɗuwa. In haɗiyar yawu ta gagara ko murya ta canza. In zazzaɓi da rawar ɗari suka shigo. In numfashi ya fara wuya, to ba a jiran gari ya waye, ba a kiran ɗan'uwa a yi shawarar farashi. Babban asibiti ake nufa, irin asibitin koyarwa na Libreville ko na Owendo, a biya direba abin da ya faɗa. Gaggawa ta gaskiya ba ta da tsada, don abin da ke ɗaya gefen sikelin rai ne.

Na maƙwabcina ya kusa, bai kai can ba. A wani ƙaramin asibitin kuɗi aka yi masa allura a daren, aka ce mu dawo da safe wurin likitan haƙori. Zuwa da dawowa sau biyu, ɗaya a farashin dare da ruwan sama: ribar yini guda.

Shafi na huɗu: kujerar likita

'Yan zaman rumfa sun riga sun yanke hukunci cewa ba a cire haƙori da kumburi, wani ma ya ce cire na sama na makantarwa. Na biyun ba shi da tushe. Na farkon rabin gaskiya ne: allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a naman da mugunya ta cika, wani lokaci kuma baki ba ya buɗuwa yadda ƙarfe zai shiga, sai likita ya fara tsaga wurin ya zubar da mugunyar ko ya ba da magani na ɗan lokaci. Amma warakar tana cikin kawar da tushen ruɓar, kuma likita ne ke yanke ranar, ba majalisar shayi ba.

Na shiga da shakkata har gaban kujerar. Na ce, "Likita, ba yadda za a yi a ceto shi?" Ya juyo mana da hoton ya nuna da bakin biro: kan haƙorin ya rushe har ƙasa da dasashi, ga baƙin kewaye a gindin saiwa. Ya ce da wata shida da suka wuce ne da ya ce e. Akwai aikin da ake huda haƙori a kwashe mataccen ɓargo, a wanke saiwoyin a cike, sannan a sa masa hula. Yakan ci zuwa biyu ko uku, kuɗinsa kuma ya ninka na cirewa sau da yawa. In gindin haƙorin na da ƙwari, kuɗi ne da ya je inda ya dace. In ya riga ya zama kufai, mai gaskiya zai ce maka a cire.

Ba na ɗaukar likita mala'ika. Yana da haya, yana da ma'aikata, kujerarsa da allurarsa da abin cikonsa duk daga waje suke zuwa da kuɗin Turai, yuro guda kuwa a ƙulle yake kan sefa 655.957. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi na doka yake jika 80 na sefa a wata tun 2006, kuma a 2010 aka ce jimlar abin da ma'aikaci ɗan ƙasa zai ɗauka a wata kada ta gaza jika 150, aikin haƙori ɗaya na iya lashe rabon gida na sati. Masu aikin kuma ba su da yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna yankin Afirka na da likitan haƙori wajen 3 ga kowane mutum 100,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya, alhali rahotonta na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Inda masu saye suka yi yawa, masu sayarwa suka yi kaɗan, kowane ɗan kasuwa ya san wa ke yanka farashi.

Kuɗin kuma ba a dunƙule yake zuwa ba. Na ganin likita daban, na hoto daban, na cirewa daban. Cirewar ma iri biyu ce: wadda awartaki ke fiddo haƙori gaba ɗaya, da wadda sai an tsaga dasashi an raba saiwoyi, kuma ta biyun ta fi tsada. Mai hankali yakan tambayi jimla tun kafin ya kwanta, ya tambayi abin da za a ƙara in saiwa ta karye, ya tambaya ko dawowa a duba na cikin kuɗin. Yakan kuma faɗi abin da ke jikinsa ba ɓoyo: hawan jini, ciwon sukari, sikila, maganin tsinka jini, juna biyu. Sai dai duk waɗannan tambayoyi na mai natsuwa ne. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a fara? Ganin likita da hoto da cirewa sun ci ribar kwana huɗu. Takardar magani da muka kai farmasi ta ci biyu. Wannan huɗun ita ce "jika kaza" da yake faɗa wa mutane.

Shafi na biyar: katin da ba shi da shi

A layi muna zaune da wata ma'aikaciyar gwamnati da ta miƙa kati ta biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gabon ta kafa asusun inshorar lafiya na ƙasa, CNAMGS, a 2007, kuma abin a yaba ne: mai kati kan biya kashi 20 cikin 100 a cututtukan yau da kullum, kashi 10 a masu daɗewa, asusun ya ɗauki saura. Akwai ɓangaren ma'aikatan gwamnati, da na ma'aikatan kamfanoni, da na 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi. Hausawan Oyem da Bitam da kakanninsu suka zauna arewacin ƙasar tun zamanin fatauci, masu takardar zama 'yan ƙasa, suna da ƙofar shiga. Baƙo mai rumfar kansa, wanda ba kamfanin da ya rubuta sunansa, a lokacin yana waje. An daɗe ana zancen asusu na huɗu don masu sana'ar kansu.

Akwai abin dariya mai ɗaci a nan. A tsarin farko, kuɗin kula da 'yan ƙasa marasa ƙarfi sun fito ne daga haraji biyu: kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfanonin wayar salula, da kashi 1.5 na kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje. Su wa suka fi kiran gida da aika kuɗi gida? Baƙi irin maƙwabcina. Sun zuba a tukunyar da ba a ɗebar musu.

Mai katin ma kada ya saki jiki. Kashi 80 ɗin ana lissafa shi ne kan farashin da asusun ya yanke, in asibitin kuɗi ya ɗora nasa a kai, bambancin na wuyanka. Ba kowane asibiti ke da yarjejeniya da asusun ba. An kuma sha samun lokutan da masu farmasi suka dakatar da karɓar katin saboda bashin da suke bi. Kati garkuwa ce, amma a riƙa tafiya da ɗan guziri a aljihu.

Shafi na shida: kwana tara

Ga shafin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne wanda ba rasit. Kwana uku kafin daren Juma'ar, rumfa a rufe take. Naman da ya saro ya ajiye da niyyar gobe zai ji sauƙi, rabi ya lalace, rabi ya karyar: ribar kwana biyu.

Bayan cirewa likita ya yi bayani, ni na fassara kalma-kalma. Ya cije auduga wajen rabin sa'a. Kada ya kuskure baki ko ya riƙa tofar da yawu a yinin farko. Kada ya sha abu mai zafi, kada ya tsotsi komai, kada ya taɓa sigari. Daga washegari ya riƙa wanke wurin a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Dalilin duk wannan guda ne: gudan jinin da ke kwanciya a ramin shi ne murfin ƙashi, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Mutumina ya gyaɗa kai. Washegari ya ji daɗin jikinsa, ya kunna sigari biyu, ya kuskure baki da ƙarfi don wai yana jin ƙarni. Rana ta uku murfin ya tafi, ƙashi ya bayyana, ciwo ya dawo yana harbawa har kunne, baki na wari. Ya ce mini wannan ya fi na farko. Muka koma aka wanke ramin aka cusa magani. Aikin da zai kwantar da shi kwana biyu ya kwantar da shi shida. Uku da shida, tara.

Abin da ban iya sa wa lamba ba shi ne masu saye. Wanda ya zo sau biyu ya tarar da murhu a sanyaye, na uku sai ya tsallaka titi wurin wani. Wasu sun dawo, wasu sun saba da yajin can. Sai kuma kiran da ya shigo daga Maradi ƙarshen wata, uwargida na tambaya cikin kunya ko lafiya, ba a ga saƙo ba. Haƙori ya ruɓe a Plaine Orety, tukunya ta yi sanyi a Katsinar Maradi.

Shafi na bakwai: giɓi

"Na huta" da ya ce ma akwai magana. Babba na da haƙori 32, kowanne na jingine da ɗan'uwansa. In aka zare ɗaya, ƙashin wurin na janyewa, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Na baya ya karkato cikin giɓin, na sama da ya rasa abokin karo ya riƙa zazzagowa, abinci ya sami sabon maɓoya. Mutum ya koma tauna da gefe guda, gefen ya ɗauki aikin biyu. Ga wanda sana'arsa nama ce, wanda dole ya ɗanɗana kafin ya sayar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Cike giɓin hanya uku ce. Haƙorin roba mai cirewa da sawa, shi ne mai sauƙin kuɗi, sai dai ba kowa ke jure shi ba. Gada, wadda sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe an rataya sabon a kansu. Sai dashe, inda ake kafa ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashi, aikin da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a 1965, kuɗinsa kuwa sai wane da wane.

A nan ma shakkata ba ta kwanta ba. Ba kowane giɓi ne dole a cike ba, kuma wanda ke sayar da dashe ba shi ne zai fara gaya maka haka ba. Tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki haƙora 20 na asali masu aiki a matsayin abin da zai ishi mutum rayuwa. Japan ta fara gangami a 1989 kan mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa. Turmin can ƙurya in ya tafi, sau da yawa ba a rasa komai ba. Na tsakiya, wanda shi ke ɗaukar nauyin tauna, shi ne abin tattaunawa. Wannan shawara ce da ake yi a natse, a ji bakin likita biyu. Abin mamakinmu dai, mutum zai yi tanadin shekara ya sa wa lafiyayyen haƙori zinariyar Makka, na kusa da shi na ruɓewa bai ba shi ko dala ba.

Jimla

Ƙwaya, uku. Hayaƙi, ɗaya. Mota, ɗaya. Likita, huɗu. Farmasi, biyu. Nama, biyu. Rumfa a rufe, tara. Ribar kwana 22 ke nan, ban sa yinina biyu da na bari na bi shi ba, ban sa giɓin da ke jiran hukunci ba. Abin da ya kira kuɗin cire haƙori bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da haƙorin ya ci ba. Cikon da ya guje wa bara, da bakin likitan, da bai wuce kuɗin cirewar ba, kuma da haƙorin na bakinsa.

Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, wato mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. A ofis da kasuwa haka ne. A wurin likitan haƙori karin maganar kifewa take yi, don wanda ya yi sammako shi ke da damar tambaya, ya ƙi, ya fita, ya gwada wani. Jinkiri bai rage wa maƙwabcina ko dala ba. Ya dai karɓi bashi ne daga bakinsa, da ruwa mai hawa kullum, ranar biya kuma mai bin bashin ne ya zaɓe ta: daren Juma'a, ana ruwa.

Da na karanta masa jimlar ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, rage mini wani abu." Na ce littafi ba ya ragi. Ya sayi man goge baki mai fuloraid, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magunguna na dole a 2021, bayan ya ja da mai kanti kan dala goma. Madarar shayinsa dai har yau cokali na kusa tsayawa, kuma na daina yi masa magana.

Makon jiya ya sake haska baki, ya ga wani ɗigon a dama. Bai fara ciwo ba. Ranar Talata da safe ya bar yaronsa kan wuta, ya ja ni muka zaga asibiti uku. A na farko ya ji farashi ya miƙe. A na biyu ya tambayi jimla har sau biyu, ya yi godiya, ya juya baya. A na uku ya kwanta aka cike, kafin azahar yana rumfa yana yanka albasa. A hanyar dawowa tasi huɗu ya bari suka wuce kafin na biyar ya danna masa ham.